Ƙarafa a Ɗakin Wanki

Talata, 3 ga Yuni, da hantsi

Na auna ɗakin wanki da tef ɗin ɗinkina. Idan na tura injin wanki ya manne da bango, na fitar da keken ɗinki da kwandon ƙyallaye, zan samu fili daidai tsawona in na kwanta. In na buɗe hannuwa kuwa, ɗaya ya daki firiza, ɗaya ya daki ƙofa. Ya isa. Ni ba wata babbar mace ba ce. Ai nan matsalar take.

Murray yana falo, ya kunna rediyo, bargo a gwiwa. Da ya ji ina jan kaya sai ya ce, "Glenys, rushe gidan kike yi?" Na ce gyara nake. Shekara talatin da tara da aurenmu ban cika yi masa ƙarya ba, sai ga ta ta fito sumul kamar na saba.

Kerryn ta bugo daga birnin Adelaide jiya, ta ce yaya Baba. Na ce lafiya lau, ya ci abincinsa. Gaskiya ne, ya ci. Ban faɗa wa 'yar tawa abin da ya faru ranar Asabar ba.

Laraba, 4 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Na je shagon gwanjo na cocinmu. Na daɗe ina ganin wasu ƙarafan ɗagawa na motsa jiki a ƙarƙashin teburin takalma, ba wanda ya taɓa taya su. Biyu ƙanana, biyu manya, da shimfiɗar roba mai warin ƙafar wani.

Coral ce ke karɓar kuɗi a kanta. Tare muka yi aikin kicin ɗin makarantar firamare kusan shekara ashirin, babu abin da ba ta sani ba game da ni.

"Wa za ki kai wa waɗannan?"

"Jikana."

Ta dube ni ta saman tabarau. Kerryn ba ta haihu ba, kuma Coral ce ta fi kowa yi mini mitar hakan. Ta ce, "To, Allah ya raya shi," ta miƙo mini canji.

Manyan ban iya ɗaukarsu tare ba. Sai da na yi ta safa da marwa tsakanin shago da mota, tana kallona ta gilashi.

Alhamis, 5 ga Yuni, da yamma

Akwai wata yarinya a waya mai koyar da motsa jiki, haƙora farare tas, sai ihu take wai ke jaruma ce. Na kashe muryarta. Na ɗaga ƙananan har hannuna ya gaji. Manyan ko gezau.

Na zuba tawul masu tsabta a inji na kunna, don kada Murray ya ji nishina.

Asabar, 7 ga Yuni, da safe

Mako guda ke nan.

Har yanzu in na shiga banɗaki ba na kallon wurin da Murray ya faɗi, tsakanin masai da baho. Ban san mutum zai iya shiga wannan ɗan lungun ba, balle mutum irin Murray. Na sa hannu a hammatarsa na ja. Na ja. Ya ce, "Ki ja mana." Na ce ina ja. Jikinsa a jiƙe, ya yi sanyi, sai zamewa yake daga hannuna. Kamar gidan nake ja. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai ga leɓensa ya fara sake launi. Sai na fita da silifa na buga ƙofar maƙwabcinmu Branko.

Sauran ba zan rubuta ba.

Abu ɗaya kawai. Ban rufa masa tawul ba kafin in fita. Ga tawul a rataye, ga hannuna, kuma ban yi ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Ban je coci ba.

Litinin, 9 ga Yuni, da yamma

Branko ya fitar mana da kwandunan shara bakin titi, ba tare da an sa shi ba. Ina bayan labule ina kallonsa kamar wadda ta yi sata.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai aka ba Murray shi a ma'aikatar ƙarfe ya koya masa aiki. Yanzu kansa ya yi furfura, ga tumbi, amma har yau Oga yake ce masa, kuma in Murray ya shigo wuri sai ya miƙe. Da gidan kusa da mu ya fito kasuwa, don Murray ya saya. Wannan mutumin na kai banɗakinmu.

Murray bai ambaci sunansa ba tun ranar. In wayarsa ta yi ƙara ya ga Branko ne, sai ya kifa ta a kan bargo.

Laraba, 11 ga Yuni, da hantsi

Tamsin ta bugo, ma'aikaciyar lafiyar da ke leƙo mu lokaci-lokaci. Ta tambayi barcinsa, ta tambayi haɗiyarsa, ta tambayi rawar hannun. Sai ta ce, "Ya faɗi tun zuwana na ƙarshe?"

Na ce a'a.

Murray yana zaune a gabana, cokali a hannu. Bai ɗago ba.

Tun ranar da likita ya faɗi sunan ciwon aka gaya mana yadda abin yake tafiya. Muddin yana tashi yana zama da ƙarfen dogarawarsa, gida ya fi. In an fara faɗuwa kuma ba mai ɗaga shi, to lokacin wata magana ya yi. Kerryn har ta je ta ga gidan kula da tsofaffin da ke kan tudu, ta ce ana hango teku daga tagogi. Murray ya ce ya ga teku, ya ishe shi.

Da na ajiye wayar, ya gama miyar kabewarsa, ya goge baki, ya ce, "Na gode."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 13 ga Yuni, da rana

Na ɗaga babban guda har gwiwa. Cinyoyina kamar an yi musu duka, in zan zauna sai na dafa tebur.

"Me ya same ki kike tafiya kamar agwagwa?" in ji Murray.

"Tsufa."

"Ki bar mini tsufan, ni na riga ki kama layi."

Tawul ɗin gidan nan sun kusa yagewa don wanki.

Lahadi, 15 ga Yuni, da yamma

Ƙarfe yana da mariƙi. Mutum ba shi da shi. Wannan ne ya tsaya mini a rai tun jiya. Ko na iya ɗaga ƙarafan nan duka huɗu, ba su lanƙwashewa, ba su zamewa, ba su da hammata.

Na ce wa Murray zan je sayen madara. Na gangara bakin teku da bokiti biyu, iska na yanka fuska, na ɗebi yashi. Wani mai yawo da kare ya ce, "Gini za a yi, Mama?" Na ce fulawa zan shuka.

Na zuba yashin a tsohuwar jakar tafiyarmu na ɗinke bakinta. Ta zama dunƙule kawai, ba wurin kamawa. Sai na tuna da rigar aikinsa mai ruwan lemo da ke rataye a gareji. Na sa wa jakar, na ja zif, na cusa tsumma a hannuwan na ɗinke su da zare mai kauri. Ɗinki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Da na jingina shi da firiza na ja baya, sai na ga sunansa a ƙirjin rigar, da jan zare, yadda ni da kaina na ɗinka masa tun muna da sauran ƙuruciya.

Na juya shi ya fuskanci bango.

Talata, 17 ga Yuni

Na ɗaga buhun yashin ya bar ƙasa. Da na sauke shi da ƙarfi sai na ji bakina ya ce, "Yi haƙuri."

Alhamis, 19 ga Yuni, da hantsi

Ina shanya, sai ga kan Branko ta saman katanga, da leda cike da lemon tsami. Ba hanyar gudu, ƙyallen matashi a hannuna, maƙalin shanya a bakina.

"Glenys, laifin me na yi?"

Na cire maƙalin na ce ba komai, ayyuka ne suka yi yawa.

"Oga ba ya ɗaukar wayata. Kifi na ajiye muku a ƙofa, ko a ce ya yi gishiri." Ya sosa ƙeya. "Ni fa ban ga komai ba ranar nan. Ki gaya masa. Ban ga komai ba."

Wanda bai ga komai ba ai ba ya faɗin haka. Fuskata ta ɗau zafi har kunnuwa. Shi ma lemon yake kallo, ba ni ba.

Ya ce ko wane lokaci ne in buga masa katanga kawai, yana ji. Na ce ba za a sake ba. Ya ce, "Allah ya sa." Na ce ba Allah ya sa ba, na ce ba za a sake ba. Ban san me ya sa na ɗaga masa murya ba. Ya miƙo ledar ya tafi.

Asabar, 21 ga Yuni, da yamma

Kerryn ta kira ta bidiyo. Na naɗe hannun riga ina wanke-wanke, na manta da tabon da ke damtsena.

"Mama, mene ne wannan a hannunki?"

"Firiza na buga."

Sai ta rage murya. "Ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa." Na shiga. Ta ce ta karanta cewa ciwon yakan canza wa mutum hali. "Ki gaya mini gaskiya. Baba ne ya riƙe ki?"

Mutumin da ko gizo-gizo sai ya sa a kofi ya fitar waje. Mutumin da yanzu maɓallin rigarsa yake gagararsa. Na ce mata kada ta ƙara, na ce firiza ce, kuma gaskiya firizar ce, damtsena na dukanta duk lokacin da na ja buhun nan. Amma yaya zan yi mata bayani ba tare da na faɗi sauran ba?

Ta ce za ta zo Asabar mai zuwa. Ga abin da ɓoye-ɓoyena ya ja wa Murray, kuma bai ma sani ba.

Talata, 24 ga Yuni

Ya sake faɗuwa. Ni na ja.

Laraba, 25 ga Yuni, da hantsi

Yana barci. Bari in rubuta ko zai fita daga kaina.

Jiya bayan abincin rana na shiga ɗakin wanki. Na manta ban kunna inji ba. Na sa kujera ina so in ɗora buhun a kai, yadda za a ɗora mutum. Na kai shi bakin kujerar, sai ɗinkin kafaɗa ya ɓalle. Ya faɗi tim, ya tafi da kujerar, ni kuma na yi ƙara na zube kan firiza.

Na ji Murray ya kira sunana. Ban amsa ba, ina neman numfashi, ina tunanin ƙaryar da zan yi. Ya sake kira. Sai na ji takunsa, babu ƙarar ƙarfen dogarawa. Ya taso ba tare da shi ba. Kafin in buɗe ƙofa na ji ƙarar da na sani.

Yana kwance a baranda ta ciki, kafaɗa jikin bango, kansa daidai ƙofar ɗakin wanki. Ya ce, "Kin ji ciwo?" Na ce a'a. Sai idonsa ya wuce ni. Ya ga shimfiɗar roba, ya ga ƙarafa, ya ga rigarsa kwance a ƙasa da hannuwa a baje, yashi na tsiyaya daga wuya.

Ya daɗe yana kallo.

Na zagaya bayansa na tsuguna yadda yarinyar waya take yi, baya a miƙe, ƙafafu a buɗe. Na sa hannu a hammatarsa. Ya ce, "Sake ni." Ban saki ba. Na ja da duk abin da na tara cikin makonnin nan. Ya ɗan taso, kaɗan, kamar tafin hannu. Sai wani abu ya tsinke a ƙuguna, muka koma ƙasa tare, kansa a cinyata.

"Kin gama?"

Na ce bari in sake gwadawa.

"Glenys, ni ba buhu ba ne. Je ki kira Branko."

Na ɗauko bargo na rufa masa, alhali da kayansa a jikinsa tsaf. Ya ture shi.

Branko ya zo da gudu, ya ɗaga shi ya kai kujera, yana ta "sannu Oga, sannu Oga." Da zai fita ya wuce ta ƙofar ɗakin wanki. Ya tsaya, ya duba, ya ja ƙofar ya rufe a hankali.

Alhamis, 26 ga Yuni, da yamma

Bai yi mini magana ba. Na kai shayi, ya sha. Na kai magani, ya haɗiye. Ya ƙure rediyo, ana sharhin ƙwallon da ko so ba ya yi.

Ƙuguna ba ya barina in sunkuya. Da ƙafa nake tura kwandon wanki.

Juma'a, 27 ga Yuni, da rana

Na zauna a ƙasan ɗakin wanki ina farke ɗinkin rigar. Na bar ƙofa a buɗe, me ya rage a ɓoye. Sai na ji ƙarfen dogarawa yana tahowa a hankali har ya tsaya a kaina.

"Kilo nawa kika zuba mini?"

Na ce wajen talatin.

"Talatin! Kai, wannan raini ne. Ƙafata ɗaya ta fi haka."

Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba. Na jawo masa kujera ya zauna a bakin ƙofa, gwiwarsa na taɓa injin wanki. Na fara cewa ya yi haƙuri da batun rigar. Ya ɗaga hannun nan mai rawa.

"Bar rigar. Rigar ta ba ni haushi, amma ba ita ba ce." Ya tsaya yana neman kalmomin, yanzu sai ya nemo su ɗaya-ɗaya. "Na ji kin faɗi. Na ji kin yi ƙara. Daga kujerata zuwa nan taku nawa ne? Kuma ban iso ba. Da da gaske ne fa? Ki kwanta nan, in kwanta can, mu yi ta kiran juna har a ji wari."

Na ce kada ya yi irin wannan magana.

"Wa zai yi in ban yi ba? Ke kin shiga ɗaki kina kokawa da yashi."

Ya miƙo hannu na ba shi ƙaramin ƙarfen. Ya riƙe, ya ɗaga sau ɗaya, ya dube shi kamar baƙon abu, ya mayar mini.

Lahadi, 29 ga Yuni, da yamma

Kerryn ta tafi. Gidan ya yi tsit.

Ko jakarta ba ta ajiye ba jiya Murray ya ce ta zauna. Ya gaya mata da bakinsa, faɗuwa biyu, da Branko, da ƙaryar da aka yi wa Tamsin. "Aka yi" ya ce, bai ce na yi ba. Ta tashi ta buɗe ɗakin wanki ta tsaya. Da ta juyo idonta ya yi ja.

"Mama, shekarunki sittin da uku. Nauyinki rabin nasa. Me kike tsammani zai faru? In bayanki ya karye wa zai ɗaga ku ku biyun? Ni ina can ina zargin Baba da abin da bai yi ba!"

Murray ya ce, "Wane abu?"

Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi damtsena. Na ga lokacin da ya gane. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kerryn ta durƙusa a gabansa tana kuka, ya dafa kanta ya ce, "Gara da kika tambaya. Haka ake yi."

Daga baya ta dawo kan maganar gidan kan tudu. Ta ce akwai ɗaki da zai fito a watan gobe. Tana yi mini magana, ina ba ta amsa, muna ta ja-in-ja a kan kansa, har ya buga ƙarfen dogarawarsa a ƙasa.

"Ina ɗakin nan fa. Ban mutu ba tukuna. Ranar Litinin ni zan kira Tamsin."

Talata, 1 ga Yuli, da rana

Tamsin ta zo. Tun a ƙofa na ce mata na yi mata ƙarya. Tana cire takalmi ta ce, "Kowa a'a yake ce mini. Na fi gane gaskiya daga bango." Ta nuna inda kafaɗarsa ta goge fenti.

Na nuna mata ɗakin wanki don kada wani ya riga ni. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita da aka koya wa aikin, an hana ta ɗaga mutum daga ƙasa da hannu, ko su biyu ne. Ta ce ƙananan ƙarafan in ci gaba da su in ƙuguna ya warke, za su yi mini amfani, amma don kaina.

Ta ce akwai injin ɗaga mara lafiya, mai taya, ana shimfiɗa wa mutum wani zane mai madauri a ƙarƙashi, a maƙala, a danna. Za a iya ba mu aro mu gwada. In mun iya aiki da shi, zama a gida zai yiwu, zuwa wani lokaci. In ba mu iya ba, ko Murray ya ƙi, to ba za ta ɓoye mana ba, maganar Kerryn ce.

Murray ya ce, "Ba za a rataye ni kamar naman mahauta ba."

Ta ce za ta kawo shi Laraba ta sama, ya gani da idonsa, in ya so ya kore ta da shi.

Alhamis, 3 ga Yuli, da safe

Ranar da Kerryn ta ce ɗaki zai fito a watan gobe, wani abu ya saki a ƙirjina. Na ɗan lokaci ne, kamar numfashi ɗaya. Sai na hau musu da ita da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Ba zan rubuta sunan abin ba. Na dai san ya zo.

Litinin, 7 ga Yuli, da yamma

Tamsin ta ce injin ɗagawar ba shi da wurin zama sai ɗakin wanki, kuma tana son mutum na biyu ya koya. Na naɗe shimfiɗar roba. Na share yashi, har yanzu yana fitowa daga ƙarƙashin firiza.

Na je gidan Branko ta ƙofar gaba, na ƙwanƙwasa. Na ce ina neman alfarma biyu, ya kwashe manyan ƙarafan, kuma ya zo ranar Laraba. Ya ce, "Oga ya sani?" Na ce shi ya aiko ni. Wannan karon gaskiya ne. Abin da Murray ya ce shi ne, "In dole sai an yi kallo, gara wanda ya riga ya ga fim ɗin."

Laraba, 9 ga Yuli, da yamma

An kawo injin. Fari ne, dogon wuya, ƙafafu biyu masu taya. Ya cika falo. Murray ya kalle shi sama da ƙasa ya naɗe hannu a ƙirji.

Tamsin ta ce wani ya kwanta a gwada. Branko ya fara cire hula. Murray ya ce, "Kai zauna, kada ka karya musu kaya da tumbin nan. Glenys ta shiga. Ita ce mai son ɗaga mutane."

Na kwanta a kan kafet, a tsakiyar falona, gaban baƙi biyu. Siket ɗina ya tattare. Branko ya ƙura wa silin ido kamar an rubuta wani abu a can. Tamsin ta mirgina ni gefe, ta shimfiɗa zanen, ta mirgino ni, ta maƙala madaurin tana yi wa Branko bayani. Daga ƙasa na ga ƙasan teburinmu, na ga ƙafafun Murray cikin safa. Ashe haka ake ganin duniya daga nan. Ashe haka kowa yake yin tsawo.

Sai ta miƙa wa Murray abin dannawar.

Ya ce hannunsa rawa yake. Ta ce ba ya buƙatar hannu, babban yatsa kawai. Ya riƙe da hannu biyu ya danna.

Zanen ya rungume ni ta baya da ƙarƙashin cinya. Kafaɗuna suka bar ƙasa, sai ƙuguna, sai dugadugaina. Silifa ɗaya ta faɗi. Na tashi sama a zaune, ina juyawa a hankali, na ga labule, na ga Branko, na ga ƙofar kicin, na dawo kan Murray. Ciwon ƙuguna ya ɗauke ɗif. Babu abin da nake riƙe da shi. Babu inda na taka. Ban san yaushe hawaye suka fara ba, sai ji na yi suna shiga kunnena.

Murray ya saki maɓallin. "Ya matse ki ne?"

Na girgiza kai.

"To mene ne?"

Na ce, "Kada ka sauke ni tukuna."

Ya dube ni, ya daɗe. Tamsin ta sunkuya tana gyara wani madaurin da ba abin da ya same shi.

"Branko," in ji Murray, "ka san inda buta take. Ɗora mana shayi." Ya ɗora abin dannawar a kan bargonsa, ya dafe shi da tafin hannu, ya juya wajen Tamsin.

"Bar ta ta huta. In ta gama, ni ne."